Na Goge Saƙon Da Ya Ce 'Yarta Tana Raye

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni 'yar Maradi ce, ina aikatau a Jidda. Da aka rushe unguwar Karantina muka koma unguwar Waziriyya da Innata, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ɗaki ɗaya muke da wata baiwar Allah 'yar gabashin Kwango, zan kira ta Maman Zawadi, umara ta zo ta maƙale. In na tafi gidan kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, ita ke juya Inna, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki. Yanzu Inna ba ta karɓar cokali a hannun kowa sai nata, har ni da ta haifa. Tunda Maman Zawadi ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da layin waya, ta wayata danginta ke aiko saƙon murya.

Sai sojojin ƙasarsu da na maƙwabta suka haɗa kai suka shiga daji farautar 'yan tawayen Hutu, ƙauyensu kuma yana kan hanya. Gari ya watse, ba wanda ya san inda 'yarta Zawadi ta faɗa. Ta ce min da guntun Larabcinta, "Ukhti, ranar da na ji inda take, halas, zan miƙa kaina ga hukuma a mayar da ni gida."

Watan jiya ƙaninta ya aiko saƙo da Faransanci, don ya san ni zan fara ji. An ga Zawadi da rai a sansanin gudun hijira, da rauni a ƙafa, ba ta kiran kowa sai uwarta. Ina kicin ɗin matar kafilina na saurara, na yi hamdala, sai Inna ta faɗo min a rai. Wa zai juya ta? In bar aiki kafili ya kai ƙarata cewa na gudu, a kwashe ni a bar ta kwance? Wallahi da yatsan nan nawa na goge saƙon. Da ya sake aikowa na ce masa ta ji, tana shiri. Kunya kamar ta kashe ni, amma ban fasa ba.

Kullum na dawo Maman Zawadi tana bakin ƙofa, tana tambaya ko akwai labari. "Fi khabar?" In ce, "Ma fi," wato babu. Sai ta ce alhamdulillah, ta koma tsefe wa Inna kai.

Jiya ta riƙe hannuna ta ce ta haƙura, jikinta ya ba ta Zawadi ta rasu. Ta roƙe ni in taya ta dafa shinkafar sadakar mamaciya ranar Juma'a, wai ba ta da 'yar'uwa a ƙasar nan sai ni. In na faɗa mata gaskiya, ita za ta tafi, Inna ta rasa mai ba ta abinci. In na yi shiru, ni zan hura wutar sadakar yarinyar da na san tana can tana kiran uwarta.

Juma'ar jibi ce. Don girman Allah, me zan yi?