Gwangwanin Allurar Marigayi Surukina

Anti Furera, don Allah ki agaza min, na rasa wanda zan faɗa wa.

Watana takwas da aure a Ƙofar Marusa. Ranar da muke kwashe kayan ɗakin marigayi surukina, wanda ya yi aikin cire haƙori a asibiti tun ba a haifi maigidana ba, na tsinci wani shuɗin gwangwani mai rubutun ruwan zinare. Ciki 'yan kwalabe ne goma sha ɗaya, sirara, kowace kwance a gurbinta cikin auduga. Allurar kashe zafi ce da ake yi a dasashi. Anti, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Har takardar bayaninsa tana nan a ninke. Ni da littattafan soyayya ba ma rabuwa, sai na zauna ina hango surukin nawa yana saurayi cikin farar riga, yana lallashin wani makiyayi mai kumburarren kumatu. Na goge gwangwanin na jera shi a kabad cikin tangaran ɗina. Baƙi har tambaya suke wane turare ne.

To, Hajiya surukata ta gan shi. Kwana uku tana fama da haƙori, ta dage sai an fasa ɗaya an ɗiga mata, wai maganin zamaninsu ya fi ƙarfi, kuma hannun Malam, marigayin mijinta, bai taɓa cutar da kowa ba. Maigida ya rantse zai juye shi a shadda. Ba zan iya yi wa Hajiya musu ba, kuma ba na so a hallaka shi.

Amarya mai kabad

'Yata, kin iya gane abu mai daraja. Wannan gwangwani tarihi ne, shaidar mutanen da suka sauƙaƙa wa jama'a azaba. Amma maigidanki ma yana da hujja. Ruwan da ya yi shekara da shekaru a kwalba ya tashi daga magani, ko ɗigo kada ya taɓa bakin Hajiya.

Ki sauke shi yau, maigida ya kulle. Gobe ya kai Hajiya wurin likitan haƙori. Shi ɗanta ne, shi zai iya ce mata a'a, ba ke ba. Kwalaben a miƙa su ga ma'aikatan magani na asibiti, ban da shadda. Gwangwani da takarda kuwa ki roƙa a bar muku.

In ta samu sauƙi, ki zauna kusa da ita ta ba ki labarin Malam. Ina zaton kewarsa ta fi haƙorin damunta.

Allah ya ba ta lafiya, ya jiƙansa, ya zaunar da ku lafiya.