Fuska a Kan Gilashi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da hannun nan da ke ta rawarsa ba kiɗa.

To, na je ajin zanen da kika matsa mini in shiga. Ɗaki ne a saman shagon gyaran agogo, tebur huɗu, taga biyu, ko'ina warin tawada. Mu shida ne. Akwai wani mai aski, da wata tsohuwar nas wadda bakinta ba ya hutawa, sauran ban riƙe su ba. Malamar ba za ta girme ki ba, hannunta baƙi ƙirin da tawada.

Ga yadda aikin yake. Za a ba ka gilashi mai faɗi, ka yi zanenka a kansa da tawada, ka shimfiɗa takarda mai danshi, a murza su tare a inji. In an ɗaga takardar, zanen ya koma kanta. Sau ɗaya ke nan, shi ya sa suke ce masa bugu ɗaya. Malamar ta ce kowa ya zana kofin da ke gabansa. Ni da na shekara talatin da huɗu ina zanen taswirar gine-gine, sai na zaro rula daga aljihu. Na auna bakin kofi, na auna gindinsa, na goge, na gyara, na sake gyarawa. Mai aski ya buga uku ina nan a kan hannun kofi. Da aka murza nawa aka ɗaga, takarda fara fat. Ashe tawadar ta bushe tuntuni. Nas ɗin ta leƙo ta ce, "Baba, madarar ka zana ka bar kofin?" Kowa ya yi dariya, har malamar, ko da yake ita ta juya baya.

Ban ga abin da zai mayar da ni wurin ba. Ki gaida kowa.

Mahaifinki.

*

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, yara ma suna gaida kakansu.

Rula, Baba! Na karanta wa maigidan, ya yi dariya har ya ƙware. Ka yi haƙuri, na yi wa malamar waya. Ta ce tawadar minti ashirin take jira, ba ta san tsohon ma'aikaci ba. Ta kuma ce layukanka sun fi na kowa kyau a ajin, matsalar dai ba wanda zai gan su.

Ba don ka zama gwani na rubuta sunanka ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama, kuma duk wanda ya je gaishe ka sai ya ce mini a kujera ɗaya ya same ka, rediyo a kashe. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah ka koma, ko sau uku ne. In ka ƙi, zan zo da kaina in zauna kusa da nas ɗin nan, mu haɗa maka baki.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Barazanarki ta yi aiki, na koma, yau sati biyar.

Ranar da na shiga, malamar ta miƙo hannu ta ce in ba ta rular ajiya. Sannan ta ɗauki rola, abin shafa tawada, ta shafe gilashina da baƙar tawada kaf, ta ba ni tsumma. Ta ce, "Baba, yau ba zane za ka yi ba. Gogewa za ka yi. Inda kake son haske, ka ɗauke baƙin." Na ce mata hannuna rawa yake yi. Ta ce tsumma bai damu ba. Gaskiyarta kuwa. Na fitar da kofi, na fitar da takalmi, na fitar da kan mai aski, shi ma ya yarda shi ne, sai dai ya ce na rage masa gashi.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Fuskar mahaifiyarki tana ɓace mini. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan, amma in na rufe ido na nemi fuskar, sai ta zo rabi ta koma. Kowane wata tana ƙara nisa, kuma tsoro nake ji. Kada ki ce in duba hotuna. Kin san ta, da ta ga kyamara sai ta sandare kamar an kira ta ofis. Ba waccan nake nema ba. Ina neman wadda ke tsayawa a ƙofar kicin in na ce mata na sha magani alhali ban sha ba, ta karkata kai, ta ɗaga gira ɗaya.

Ita nake ta gogewa a gilashi. Takarda takwas na yayyaga. Ga ta tara nan a cikin ambulan. Na san akwai abin da bai yi ba, amma na rasa gane ko mene ne. Ki duba ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na daɗe riƙe da wasiƙarka kafin in iya ɗaukar biro.

Ka ce gaskiya, to ga ta. Da na buɗe, na ga wata mata mai kama da dangin Mama, amma ba ita ba. Na jingina ta a kan tebur ina ta wucewa ina kallo. Rana ta uku ina ɗaura ɗankwali, sai na hango ta ta cikin madubi. Baba, ita ce take leƙowa. Mama girar hagu take ɗagawa, kanta kuma dama yake karkata. A takardarka komai ya juya. Kai daidai ka yi a gilashin, takardar ce ke kifa shi. Kofi da takalmi ba su damu da hagu da dama ba, shi ya sa ba ka lura ba.

Ban san kana ɗauke da wannan kai kaɗai ba, kuma na ji ciwon hakan. In ka dace da ita, ka buga mini tawa.

'Yarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na kai wa malamar maganarki, ta riƙe baki. Ta ce ai ranar farko ta yi bayanin juyawar nan, lokacin ina can ina auna gindin kofi. Ban yi musu ba.

Sanin abu daban, hannu ya yarda daban. Shekara arba'in ina ganin girar nan a gefe ɗaya, yanzu an ce in kai ta ɗayan. Sai in fara daidai, in ɗago, in tarar babban yatsana ya mayar da ita inda ya saba. Sati biyu muna wannan rigima da shi. Nas ɗin ta kawo mini ƙaramin madubi daga jakarta, ta jingina shi a gefen gilashin, ta ce in daina kallon hannuna, madubin zan riƙa kallo.

Ranar Laraba da hantsi na shafe gilashi, na ɗauki tsumma. Ban auna komai ba. Goshi, kunci, gefen hanci, sannan girar da farcen ɗan yatsa. Hannun ya yi rawarsa a wajen baki, na ƙyale shi, don ba lokacin gyara. Ko minti goma sha biyar ban yi ba. Mai aski ya murza mini injin, malamar ta ce ni zan ɗaga. Na kama kusurwar takardar na ɗaga a hankali.

Auta, ta kama ni ban sha magani ba. Sai da na nemi kujera.

Sai dai kin ce in buga miki taki. Babu taki da tawa, guda ɗaya ce. Na gwada sau huɗu tun daga ranar, duk baƙin mata suke fitowa.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murna. Ka manta da abin da na roƙa, rashin sani ne. Ka riƙe ta, ka sa mata gilashi, ka rataye inda za ka riƙa ganinta. Ni tana nan a kaina garau, kai ne kake nemanta. In mun zo hutu na gan ta. Kada ka turo, don Allah.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Wasiƙarki ta zo a makare, tun shekaranjiya na ba wani direba fuskar mahaifiyarki cikin kwali biyu. Ki rataye ta inda yara za su san kakarsu.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ranar, kafin a wanke gilashin, malamar ta sake shimfiɗa takarda a kan ɗan abin da ya rage na tawada, muka murza. Ta fito dishi-dishi, sai an matso ake ganinta. Ita na riƙe, saboda kamar haka nake ganin mahaifiyarki yanzu. Kullum da safe ina duba ta, kuma ba ta ƙara dusashewa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.