Ruwan Randar Gwaggo

Kazaure, daren Talata, watan Sha'aban

Tuwo na gabana, na kasa ci.

Shekara biyu Dakta Sabo yana haɗa na'urarsa a ɗakin gwajin da nake kula da shi. Siririn bututun gilashi ne kamar zare, a ɗiga masa ruwa, a sakar masa wutar lantarki, sai sinadaran ciki su rabu, kowanne da gudunsa. Yau ya aike ni Gwiwa in ɗebo ruwan rijiyar da Ardo Buba yake zargi, don shanunsa suna sha suna zawo.

A hanyar dawowa na biya Roni in gaida Gwaggo Hajara. Ina salla ta hango kwalbar ruwan rijiyar a jikin babur ɗina. Da na sallame ta miƙo min ita a wanke tas, cike da ruwan randarta.

"Wannan jan ruwan kake sha, ɗan nan? Na zubar."

Godiya na yi mata. Rana ta yi, na ji ƙyuyar komawa Gwiwa, na kawo kwalbar haka na ja bakina na yi shiru.

Na'ura ta nuna ruwa lafiya lau. Dakta ya yi ta murna, ya aika wa Ardo cewa ya ci gaba da shayarwa. Kuma ba shanu kaɗai ba ne, da idona na ga mata suna cika tulu a rijiyar.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Da asuba sai Gwiwa, kafin a saki shanu. In na dawo, Dakta ya yi min duk abin da ya ga dama.