Buhun da Ya Tare Alhaji

Faskari, daren Laraba, 1981

Barci ya ƙi zuwa. Yau Alhaji ɗan kwangila ya banke ƙanena Iliya a kan kekenshi, hanyar Yankara, sannan motar ta daki iccen kuka. Shi Alhaji ko ƙwarzane bai yi ba, wai buhu ne ya fito daga sitiyari ya tare shi. Makanike ya ce wani gari ne a ciki kamar albarushi. Mota na dukan abu sai ya kama wuta, ya zama iska, ya cika buhun kafin ƙiftawar ido.

Gari duk ya tafi yi ma Alhaji jaje, ana shafa buhun ana "Ikon Allah!" Iliya na kwance, ƙafa a ɗaure. Inna ta ce, "Kai ma je ka yi mashi jaje, kar a ce mun riƙe shi."

Ban je ba. Mai keke wa ya ɗinka mashi buhu?