Abin da Na Faɗa Maka da Turanci a Hanyar Gwaram

Zuwa ga mahaifina, Baba Idi na Yalwan Damai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan makwancinka na da haske da yalwa. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, amma na rubuta, kuma da Hausa, ko da yake yin hakan karya dokarka ne.

Ka tuna dokar? Lokacin ina makarantar kwana a Birnin Kudu, a shekarun da arzikin fetur ya fara buɗe ofisoshi a Kano, ka zo ziyara. Malaminmu na Turanci, wani Ba'indiye mai surutu, ya sa aka fassara maka cewa Turanci ba ya zama a kai sai ana juya shi a baki kullum. Ka riƙe maganar nan gam. Ina dawowa hutu ka yanke hukunci: Inna da ƙannena in yi musu Hausa, amma kai ba ka son jin komai daga bakina sai Turanci. Kai da ko "zo" ba ka sani ba da harshen!

Ni ɗan fari ne. Dama ba ka kiran sunana, ni ma ba na haɗa ido da kai. Ɗan abin da ya rage tsakaninmu na hira, shi ma dokar ta tafi da shi.

Malam kan ba mu manyan kalmomi, ya ce mu sa su cikin zancen yau da kullum. Sai in ɗora su kan dawa, kan garma, kan jan bijiminmu mai taurin kai. Kai kuma ka tsaya, ka dogara da fartanya, ka ce, "Madalla, ƙara wata." In baƙi sun zo, ka ce, "Yi musu kaɗan su ji." In tsaya ina zuba kamar rediyo, kunya tana cina.

Abin da ba ka tambaye ni ba shi ne ko ina son makarantar. Ba na so, Baba. Manyan ɗalibai na dukanmu, yunwa na cina, kewar Inna ta hana ni sakat. Shanu nake so, da daji.

A zangon da aka koya mana dogayen jimlolin nan masu farawa da "da a ce", na samu ƙofa. Ranar kasuwar Gwaram muna tafe bayan shanu, na juye maka komai da Turanci. Na ce da a ce ka bar ni gida, da na fi kowa iya kiwo. Na ce na gaji, ka cire ni. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, da Malam ya ji da ya tafa mini. Sai ka ce, "Madalla, ƙara wata."

Wallahi na ji haushinka ranar. Harshen da kake ji ka hana ni, wanda ka ba ni kuma ba ka jinsa. Haka na koma makaranta, na ci jarrabawa, na yi akawu a Kano, na ƙare da koyar da Turancin nan har na yi ritaya. Ban taɓa zaɓar ko ɗaya ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da kai na zo, na same ka kan tabarma a zaure bayan la'asar. Na buɗe baki zan gaishe ka da Turanci kamar kullum, ka ɗaga hannu. Ka ce, "Ranar Gwaram na ji ka. Ban san kalma ɗaya ba, amma na san muryar mai son a kwance shi. Da da Hausa ka faɗa, da ban iya hana ka ba."

Ashe ba ni kaɗai dokar ta ɗaure ba. Har ka tafi ban ba ka amsa ba. Ga ta yau, Baba, da Hausa: na ji ciwo, na daɗe ina jin sa, kuma ina ƙaunarka.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa ka huta. Ya haɗa mu a Aljanna, inda za mu zauna mu yi hirar da ba mu yi ba. Amin.

Ɗanka na fari,
wanda ba ka kiran sunansa,
Haruna