Na Rataya Zamana a Wuyan Kifi

Dona Marlúcia, ki taimake ni kafin bakina ya kore ni daga gidan da ake ba ni kofi da madara ban roƙa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi, shi ma na ukun malamin ne ya gaji da ganina a na biyu.

Ni mutumin garin Barcelos ne. Tun ina yaro sana'ata kamun kardinal a rafukan kogin Rio Negro, ɗan kifin nan mai zanen shuɗi da ja daga kai har wutsiya, wanda masu hali ke sakawa a akwatin gilashi su yi ta kallo ba sa ci. Da shi 'yata Jucilene ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a nan Manaus. Da mahaifiyarta ta rasu, gwiwata kuma ta fara gardama da kwalekwale, sai ta ɗauko ni ta ajiye a gidansu, hawa na huɗu.

Ba ni da ƙorafi. Katifa mai laushi, garin rogo ba ya yankewa, jikata Tainá kuma kullum sai ta taje mini gashin baki. Surukina Valdeci direban bas ne, mutumin kirki, aibinsa ɗaya: niyon yake kiwo a falo. Kin san niyon, ɗan'uwan kardinal ne, amma jansa rabi, kamar wanda tela ya cinye wa yadi. Nasa ma a kanti ya saye su, a gonar kifi aka haife su, ba su taɓa ganin rafi ba. Na ce masa waɗannan 'yan gata ne. Ya ce, "Haba Baba, naku na daji ai da ya ga bene suma yake yi."

Wata Lahadi, an ci gasasshen kifin tambaqui, ni kuma na ɗan kurɓi abin da ya fi kofi ƙarfi, sai na bugi tebur a gaban baƙi. Na ce zan kawo kardinal a haɗa su, in bai fi niyon daɗewa ba, to abin gulbi ba ya zama a birni, ni ma in naɗe gadon lilona in bi jirgin ruwa in koma Barcelos. Kowa ya yi dariya ban da Jucilene.

Abokina Zeferino ya aiko mini da su a leda. Kuma kada ki ce sakaci na yi. Yadda muke yi a jirgi in za mu kai kifi kasuwa haka nake yi musu: kowace safiya in an fita aiki, in kwashe ruwan kaf in zuba sabo daga famfo, wanda ai daga Rio Negro mai baƙin ruwa ake jawo shi, baƙin kawai aka wanke masa. In goge gilashi, in cuɗe soson na'urar tace ruwa har ya yi fari tas. Valdeci bai taɓa yi wa nasa rabin wannan hidima ba. Amma ga nawa suna koɗewa suna kifewa ɗaya bayan ɗaya, niyon kuma na yawo kamar suna yi mini gwalo. Fiye da rabi sun tafi. Tainá ke yi musu jana'iza a tukunyar fulawa, har wuri ya fara ƙarewa. Akwatin yana ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda Valdeci ke kunnawa har sai na nemi safa, in wannan yana da amfani.

Yanzu da ya shigo sai ya leƙa gilashi ya ce, "Baba, a yanki tikiti ne ko a ɗan jira?" Wasa yake yi, na sani. Jucilene kuwa na ga ta ɗauke gadon lilona ta cusa can saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa.

Dona, ki gaya mini gaskiya, niyon ya fi kardinal juriya? In haka ne, yaya tsoho ke haɗiye maganarsa ba ta shaƙe shi ba? Ni fa ba na son tafiya. Babu abin da ke jirana a can sai ɗaki da tukwanen marigayiya.

Kardinal na Hawa na Huɗu, Manaus

Baba Kardinal,

Na yi dariya, na kuma tausaya wa kifayen nan, domin abin da ke kashe su shi ne ke tashi da safe ya yi musu hidima.

A jirgi dabararka daidai ce, ruwan kogi kake ɗiba, tafiyar kuma ta 'yan kwanaki ce. Akwatin gilashi gida ne. Ruwan famfo ko daga ina aka jawo shi akwai kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ciki, yana kuma ƙona wa kifi wurin numfashi. Dattin soson da kake cuɗewa kuwa, a ciki ne ƙananan halittun da ke cinye gubar kashin kifi suke zaune. Kullum sai ka kore su.

Batun juriya, kai da Valdeci kowa ya riƙe rabin gaskiya. Niyon na gona ya saba da ruwan gari, ya fi jure sanyi, shi ya sa yake ci gaba da yi maka gwalo. Amma zafi na wahalar da shi, kuma da yawa daga kanti suke zuwa da rauni. A wannan wankan naka shi ma ba zai daɗe ba. Kardinal na rafi ba ya son sauyi, yana son ɗumi da ruwan da ya kwana biyu. In ya samu haka ya zauna, sau da yawa shi ke binne niyon.

Saboda haka ka ajiye bokiti. Sau ɗaya a mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu, da ruwan da aka ɗiga wa maganin kashe kulorin, ana sayarwa inda Valdeci ya sayi kifinsa. Soso a ɗauraye shi sama-sama cikin ruwan da ka kwasa, shi ma ba kullum ba. A janye akwatin daga bakin na'ura, a sa ɗan hita a digiri ashirin da biyar ko da shida, inda dukansu za su iya zama. Ka rage haske, ka jefa musu busasshen ganye irin wanda kardinal ke ɓuya a ƙarƙashinsa, wannan ka fi ni sani. Kada ka aika wa Zeferino ya ƙaro maka kifi tukuna.

Alkawarinka kuwa bai hau kanka ba, tunda alƙalin gasar shi ne ya yi ta kwara wa ɗan wasansa ruwa. Ka faɗa wa Valdeci haka a kan teburin da ka buga, ka bar shi ya yi dariyarsa, haƙƙinsa ne. Amma kafin nan ka samu Jucilene ka ce mata ba ka zuwa ko'ina. Ita ba ta ɗauki maganar wasa ba, kuma ta daɗe tana ƙirga kifayen nan fiye da kai.

Abin gulbi yana zama a birni, Baba, in an bar shi ya saba da ruwan. Ka bar gadon lilon nan a saman kabad. Allah Ya ja kwana, Ya sa tukunyar Tainá ta koma fitar da fure.

Marlúcia