Makin da Hawayen Baffa Suka Ci

Jami'a, ranar Alhamis.

Zuwa ga Baffa Bakari, Yerimaram, Potiskum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hajaratu. Na san ba ka son magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na ba direban tasha wannan takarda.

Baffa, alfarma nake nema. Laraba mai zuwa zan kawo baƙi, malamaina na sashen shaƙatawa da yawon buɗe ido. Za mu fara da kara su ga cinikin shanu, sannan ina so ka karɓe su. Amma ba a gida ba, a garkenka na hanyar Gadaka. Ka sa tsohuwar malafarka, ka riƙe sanda, ka bar agogo da waya a gida. Ka ba su labarin shekarar bushiya, annobar shanun nan, yadda kake ba mu muna yara. In ka ga ban zauna kusa da kai ba, hidima ce ta yi mini yawa.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Rauda.

*

Yerimaram, ranar Juma'a, bayan zuwan baƙin.

Rauda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fatan baƙinki sun isa gida lafiya.

Da takardarki ta zo dariya na yi. Na ce wa Innarki, yarinyar nan boko ya juya mata kai: mutum ya gina gidan siminti, a ce ya koma bukka ya karɓi manyan mutane. Amma na ce malaman 'yata ne, ko a kan bishiya suke so zan shimfiɗa musu tabarma. Na bar kara ranar Laraba, ranar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ni zuwa ba. Na yanka rago. Innarki ta dama fura da hannunta mai ciwo. Malafar kuwa ɓera ya ci gefenta, haka na kifa ta a kai kamar mai gadin gona.

Na ba su labarin bushiya. Na faɗa musu yadda shanun mahaifinmu suka zube cikin damina guda, yadda ni da ƙanena Hussaini, ubanki, muka shigo Potiskum ba mu da komai sai igiya. Kin san tun ranar da na ɗauko ki daga gidan makokinsa ban taɓa kuka a gaban baƙo ba. Ranar Laraba, da na zo kan Hussaini, na yi.

Na ga suna rubutu a kan gwiwa, na ɗauka labarin ne suke adanawa.

Da na raka su mota, dogon nan mai tabarau, Dakta Mahdi, ya riƙe hannuna ya ce, "Dattijo, ka iya! Hawayen nan kamar gaske. Ɗalibarmu ta horar da kai sosai, ka ɗaga mata maki." Na ce wane maki? Ya ce ai jarrabawa ce.

Rauda, sai a lokacin na tuna tun safe ba ki ce mini Baffa ba. "Wannan dattijo," kika ce. "Wani makiyayi da na samo." Na ji da kunnena, na ce wa kaina Hausar jami'a ce.

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban san irinsa ba. Ni baƙi na karɓa. Ashe ni aka baza a tabarma ana taya ni, kamar sa a kara. Ki gaya mini, hawayen ubanki maki nawa suka ci?

Bakari.

*

Jami'a, ranar Litinin.

Baffana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Tun da na karanta takardarka abinci ya ƙi shiga.

Ka bari in yi maka bayani. A shekarar ƙarshe ba a takarda kawai ake gwada mu ba. Dole ɗalibi ya shirya yawo da kansa, malamai su bi shi a matsayin baƙi, su duba tsari, da tsaron lafiyarsu, da karɓar baƙi, da yadda ya shawo kan mutanen wurin suka yarda da shi. Wannan na ƙarshe shi ne mai maki da yawa, kuma doka ta hana a yi da dangi, don wai dangi ba sa buƙatar a shawo kansu. Na je rugage biyu a Fika, suka kore ni. Lokaci ya ƙure. Na san in na faɗa maka gaskiya ba za ka yarda ka ɓoye ni ba.

Maganar horarwa kuwa, shi ya tambaya ko na shirya ka, na ce e. Ban san zai faɗa maka ba.

Yanzu ga abin da ya taso. Ka tuna jar saniyar nan, jikar karsanar da ka ba ni ranar sunana? Ta ratso garke ta zo tana lasar hannuna a gabansu. Malamar da ta zo daga wata jami'a ta lura, ta ce saniya ba ta yi wa baƙo haka. Za su rubuto maka su tambaya ko mu dangi ne. Baffa, in ka ce e, an soke jarrabawar, kuma za a iya kora ta. Karatun da ka sayar da bijimai ka ɗauki nauyinsa zai tashi a banza. Kalma ɗaya ce. Don Allah, don darajar Baba.

'Yarka mai kuskure,
Rauda.

*

Sashen Shaƙatawa da Yawon Buɗe Ido.

Zuwa ga Malam Bakari,

Assalamu alaikum. Muna godiya da karamcin da ka yi mana. Har yanzu ana zancen furar nan a ofis.

Ɗalibarmu Rauda Hussaini ce ta fi kowa maki a jarrabawar aiki ta bana, musamman a ɓangaren labarin da ka bayar. Sai dai kafin mu tabbatar da sakamakon, ƙa'ida ta sa mu tambaye ka: shin akwai dangantaka tsakaninka da ita? Amsarka kaɗai za mu riƙe.

Ka huta lafiya.
Dakta Mahdi Umara.

*

Yerimaram.

Dakta,

Wa alaikumus salam. Furar ba ta kai a gode ba.

Yarinyar da ta kawo ku garkena ban san ta ba. Babu komai tsakanina da ita. Ku ba ta makinta.

Bakari, dillalin shanu.

*

Yerimaram, ranar Laraba.

Rauda,

Na amsa wa malaminki yadda kike so. Allah ya sanya albarka a digiri.

Kin san duk kara an san ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, ko don a sayi sa. A takardar da na aika masa ma ban yi ƙarya ba.

Jar saniyar taki ce, ba na riƙe kayan mutane. Ki turo wanda zai kore ta. Ki gafarce ta, dabba ce, ba wanda ya horar da ita.

Wassalam.
Wani makiyayi.